Makullin Folda: Na Kujera Ne, Ba Na Mutum Ba

Idan kaka ta yi a Wurma, aka ɗaure gero da dawa aka kai rumbu, babu mai gidan da ke tara iyalinsa ya ce kowa ya riƙa ɗiba yadda ransa ya so. Akwai mai hawa ya fiddo dami, akwai wadda ake auna wa saboda ita ke da girki, akwai yaron da nasa aikin bai wuce kai niƙa ba. Ba wai ana zargin wani da sata ba ne, so ake hatsin ya kai damina. Amma mutumin nan da ya iya tsara rumbunsa haka, idan ka bi shi ofis sai ka tarar da kwamfuta guda da aka jibge komai a cikinta, daga takardar albashi har hotunan walima, da kalmar sirri guda ɗaya da kowa ya haddace, wani lokaci ma an rubuta ta a ƙyallen takarda an manna a jikin allon.

Dutsin-Ma gari ne na takardu. Akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga sakatariyar ƙaramar hukuma, asibiti, makarantun sakandare da shagunan buga takardu da ke rayuwa a kan ɗalibai. Kurfi ma, wadda Wurma ke ƙarƙashinta, tana da nata ofisoshin. Duk inda ma'aikata suka haura uku kuma suna taɓa fayil iri ɗaya, za a wayi gari an gaji da yawo da filash daga wannan tebur zuwa wancan, an gaji da tura maki ta WhatsApp, sai wani ya kawo shawarar a yi ma'ajiya guda da kowa zai riƙa shiga daga inda yake zaune. Wasu sukan ware tsohuwar kwamfuta su buɗe folda a cikinta. Masu ɗan hali sukan sayi akwatin da ake kira NAS, wanda ba wani abu ba ne illa ƙaramar kwamfuta marar allo, cike da faifan ajiya biyu ko huɗu, a jona ta da waya a jikin rauta. Kamfanonin Synology da QNAP na ƙasar Taiwan su ne suka fi suna wajen ƙera irinsa. Ba ya shan wuta sosai, don haka inda ake da sola da inbata yana iya kwana a kunne.

Sayen akwatin shi ne mai sauƙi. Inda ake yin kuskure shi ne ranar da aka kunna shi, mai haɗawa ya tambaya, "Wa da wa za a ba izini?" shugaban ofis kuma ya ce, "Kai dai buɗe wa kowa, ai duk ɗaya muke."

Hanya ta biyu da ake bi, wadda a ido ta fi kama da tsari, ita ce a riƙa ba da izini da sunan mutum. A buɗe foldar jarrabawa a sa sunan malam wane, a buɗe ta kuɗi a sa sunan malama wance. Wata shida ba a ganin aibun wannan. Sai takardar canjin wurin aiki ta fito daga Katsina, ko 'yan bautar ƙasa su kammala shekararsu su tafi wasu su zo, ko mai riƙe da jarrabawa ya koma riƙon ɗakin karatu. Yanzu sai an bi folda ɗaya bayan ɗaya ana neman inda aka taɓa sa sunansa, kuma babu mai tuna duka. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ana ƙara sababbin sunaye, ba a cire tsofaffi. Bayan shekara uku sai ka ga wanda ya daɗe da barin makarantar har yanzu yana da ikon canza makin ɗalibai.

Maganin wannan mun san shi tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Hakimin Dutsin-Ma shi ne Yandakan Katsina, na Kurfi kuwa Maradin Katsina. Ikon da ke tattare da waɗannan muƙamai na rawanin ne. Wanda aka naɗa ya same shi ranar da aka naɗa shi, kuma ba a sake zama a lissafa masa ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Haka ake so a yi da folda. A ƙirƙiri rukuni, a sa masa sunan aiki, a ba rukunin izini a kan folda sau ɗaya tak, daga nan abin da ya rage shi ne shigar da mutum cikin rukuni ko fitar da shi. Masana biyu na hukumar ma'auni ta Amurka, David Ferraiolo da Richard Kuhn, sun tsara wannan tunani a rubuce a 1992, suka ce a ɗora izini a kan matsayi, a ɗora mutum a kan matsayin.

Mu ɗauki misalin makarantar sakandare irin wadda za a iya samu a Wurma ko Kurfi. Rukuni huɗu sun ishe ta: shugabanni, kwamitin jarrabawa, sashen kuɗi, sai malamai gaba ɗaya. Foldar sanarwa da jadawali, malamai su iya karantawa kawai, shugabanni su iya gyarawa. Foldar darussa, kowane malami ya iya ajiyewa ya iya gyarawa. Foldar tambayoyin jarrabawa, kwamiti kaɗai, sauran ko sunanta ba sai sun gani ba. Foldar kuɗi, sashen kuɗi ya rubuta, shugaban makaranta ya karanta. A nan ne ake samun gardama, domin shugaba zai ce yaya za a yi a hana shi rubutu a foldar makarantar da yake shugabanta. Amsar ita ce aikinsa a wannan folda dubawa ne. Ranar da aka ga wani adadi ya canza, wanda bai da ikon rubutu ya fita daga zargi tun kafin a buɗe baki. Wannan kariya ce gare shi, ko da yake ba kowane oga ne ke kallon ta haka ba.

Yadda na'urar ke rubuta wannan a cikinta ya danganta da tsarin da take aiki da shi. Yawancin akwatunan NAS a kan Linux suke tafiya, shi kuma ya gaji tsarinsa daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a 1969 a Amurka. A tsarin Unix kowane fayil yana da mutane kashi uku: mai shi, rukuninsa, da sauran jama'a. Kowane kashi ana iya ba shi abu uku, kuma kowanne da lambarsa: karantawa 4, rubutawa 2, shiga ko zartarwa 1. Sai a tara. Wanda aka ba duka ukun yana da 7, wanda aka ba karatu da shiga yana da 5, wanda ba a ba komai ba yana da 0. Idan ka ga an sa wa folda 770, ma'anarsa mai ita da rukuninsa suna da cikakken hannu, sauran jama'a ba su da komai. Idan 750 ce, rukuni zai shiga ya karanta amma ba zai taɓa ba. Lambar da ya kamata ta tayar wa shugaban ofis da hankali ita ce 777, wato ƙofa a wangale ga duk mai wucewa. Ita ce kuma lambar da mai gyara yakan buga idan folda ta ƙi buɗuwa, ana tsaye a kansa, la'asar ta yi, yana son ya tafi gida. Folda kam za ta buɗe. Ba wanda zai dawo ya rufe ta.

Akwai wani ɗan sirri a wannan tsari da ke wahalar da mutane. Idan malami ya ajiye sabon fayil a foldar kwamiti, fayil ɗin yakan ɗauki rukunin malamin na asali, ba na kwamitin ba, sai sauran 'yan kwamiti su kasa gyara shi, a fara cewa wane ya kulle aikinsa. Bai kulle komai ba. Ana magance wannan da ƙara 2 a gaban lambar, a rubuta 2770, wanda ke umartar foldar ta sa wa duk abin da aka haifa a cikinta sunan rukuninta.

A ɓangaren Windows kuwa, ƙofa biyu ce, kamar zaure da ƙofar ɗaki. Ta farko ita ce izinin rabawa, wanda ke tsare duk mai zuwa ta waya daga wata kwamfuta. Ta biyu ita ce izinin da ke manne a jikin foldar kanta, na tsarin NTFS da ya zo da Windows NT a 1993. Dole mutum ya wuce duka biyun, kuma wadda ta fi tsanani ita ke yin aiki. Idan a zaure an ce karatu kawai, ko da a ɗaki an ba ka cikakken iko, karatun kaɗai za ka yi. Shi ya sa ƙwararru da yawa sukan sassauta ƙofar farko ga duk mai asusu a ofis, su yi tsanantawar a ta biyu, don kada su riƙa neman matsala a wuri biyu. Yaren da kwamfutoci ke magana da shi wajen wannan rabo sunansa SMB, an fara shi a kamfanin IBM a 1983. Abin da ya sa akwatin Linux ke iya jin wannan yare shi ne wata manhaja mai suna Samba, wadda Andrew Tridgell, ɗalibi a lokacin a Ostareliya, ya fitar a 1992.

Izini yana da gado. Abin da ka sa wa babbar folda yana gangarawa zuwa 'ya'yanta da jikokinta, sai fa idan ka yanke gadon da gangan. Wannan alheri ne idan an tsara daga sama, masifa ne idan an riƙa yanke shi nan da can. Na fi ganin hikimar a yi manyan foldoji kaɗan, kowace da rukuninta, a bar gado ya yi aikinsa. Idan wani abu ya zama na sirri, a ba shi tasa babbar foldar, maimakon a binne shi hawa biyar a ƙarƙashin foldar kowa da kowa a ce an toshe. Mutumin da ke cikin rukuni biyu kuma yakan tara izinin duka biyun, in ɗaya ya ba shi karatu ɗaya ya ba shi rubutu, ya samu rubutu. Amma akwai maɓallin hani, wanda a galibin lokuta yake rinjayar izini. A akwatunan Synology ma ƙa'idar a bayyane take: hana shiga yana gaba da komai. To ka ga idan ka sa wa rukunin malamai hani a kan foldar jarrabawa, ka hana har 'yan kwamitin, domin su ma malamai ne. Ba a bukatar hani a nan. Rashin ambaton rukuni ya isa ya tsayar da shi a waje.

Wannan ma ba sabon abu ba ne a wurinmu. A gidan Bahaushe baƙo iyakarsa zaure, kuma ba sai an rubuta sunansa a jerin waɗanda aka hana ba. Asali ba shiga, sai wanda aka yi wa iso. Jerome Saltzer da Michael Schroeder na jami'ar MIT sun rubuta wata maƙala a 1975 da har yau ake koyar da ita, kuma biyu daga cikin ƙa'idojinsu su ne waɗannan: a fara daga rufewa sannan a buɗe wa wanda ya cancanta, kuma kada a ba kowa fiye da abin da aikinsa ke bukata.

Na taɓa zama a wani ofis da aka kwana uku ba a ga maciji tsakanin ma'aikata biyu, saboda foldar aikin shekara guda ta ɓace. Aka yi rantse-rantse, har an fara maganar a kawo Alƙur'ani. Ashe wani ne hannunsa ya goce a kan linzami, ya ja foldar ya jefa ta cikin wata ba tare da ya sani ba. Tana nan lafiya lau, hawa biyu a ƙasa. Mutumin ba shi da wani aiki a wannan folda, amma yana da ikon motsa ta, domin an buɗe wa kowa. Yawancin ɓarnar da ake yi wa fayil a ofisoshinmu irin wannan ce, ba mugunta a ciki. Ga kuma abin da mutane ba su cika sani ba: fayil ɗin da ka goge daga foldar da ke kan wata na'ura ba ya faɗawa kwandon sharar kwamfutarka. Idan ba a kunna kwandon sharar akwatin ajiyar ba, ya tafi ke nan. Haka kuma fayil ɗin da aka ɗauke daga folda zuwa folda a kan faifai guda, sau da yawa da tsohon izininsa yake tafiya, saɓanin wanda aka kwafa, wanda ke ɗaukar izinin sabon gidansa. Takardar da aka jawo daga foldar kowa zuwa foldar sirri tana iya kasancewa a buɗe har yanzu.

Akwai kuma ɓarnar da ke zuwa daga waje. A ranar 12 ga Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a tsohon nau'in SMB ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da facin ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba ne abin ya ci. A Afrilun 2021 Qlocker, sannan a Janairun 2022 DeadBolt, suka afka wa akwatunan QNAP da masu su suka bari a buɗe ga intanet, suka kulle fayil suka nemi kuɗin fansa. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a fassara musu garkuwa da kuɗin fansa. Waɗancan hare-hare ta ɓarakar manhaja suka shiga, izini ba zai tare su ba, sabuntawa da rufe ƙofar intanet ne maganinsu. Amma irin muguwar manhajar da ta fi yawa, wadda ke shigowa ta saƙon da ma'aikaci ya buɗe ko filash da aka sa a shagon buga takardu, tana aiki ne da hannun wanda ta kama. Duk foldar da yake da ikon rubutu a ciki, ita ma tana da shi. Idan ikonsa folda biyu ne, ɓarnar folda biyu ce. Idan da asusun mai kula da tsarin yake aikin yau da kullum, to komai ya tafi. Faifai biyu da ke kwafar juna a cikin akwati ba za su cece ka ba, domin abin da aka lalata a ɗaya nan take ake lalata shi a ɗayan. Sai an ajiye kwafi a wani faifan da ake cirewa a kulle a durowa.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. A watan Agustan 2019 'yan bindiga sun shiga Wurma da dare suka tafi da mutane, kuma duk wanda ke zaune tsakanin Kurfi, Dutsin-Ma, Safana da Batsari ya san yadda kalmar infoma ta shiga bakin jama'a. Da ɗan gari akan ci gari. A irin wannan wuri, jerin sunayen ma'aikata da albashinsu da lambobin wayarsu da unguwanninsu ba takarda ce kawai ba. Haka jerin manoman da suka karɓi rance, ko iyayen da suka biya kuɗin makaranta a dunƙule. A da, wanda ke son irin wannan sai ya fasa kabad ya ɗauki fayil, a ga gurbinsa. Yanzu minti guda da filash ya isa, kuma asalin yana nan inda yake, ba wanda zai ce an taɓa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Idan kowa da asusunsa, akwatin yana iya rubuta wa ya buɗe me da ƙarfe nawa. Idan duk ofis asusu guda ake amfani da shi, wannan rajista ba ta da amfani, domin suna ɗaya za ta yi ta maimaitawa.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Bayan ƙa'idar da hukumar NITDA ta fitar a 2019, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukuma ta musamman a kan wannan aiki. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta ware bayanan lafiya da na addini da na ƙabila a matsayin masu bukatar ƙarin kulawa, ta kuma ce idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da mutane, a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, na ƙanana kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Asibitin da ya bar sakamakon gwajin jini a foldar da mai shara da mai gadi ke iya buɗewa ba zai ce bai sani ba.

Duk da haka, na san abin da ke hana a yi ba rashin sanin lambobi ba ne. Kunya ce. Yaron da aka ɗauka ya kula da kwamfutoci sa'an ɗan shugaban ofis ne, ba zai iya kallon dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ka cikin wannan rukunin" ba. Abokin aiki ya ce, "Ɗan ara mini naka in shiga, yanzu zan fita," ka hana shi ka zama marowaci. Shi ya sa bai kamata a bar wa mai kwamfuta hukuncin wa zai shiga ba. Kowace folda a ba ta mai ita daga cikin shugabannin sashe, a rubuta a takarda guda: sunan folda, rukunin da ke karantawa, rukunin da ke rubutawa, da wanda ke da ikon cewa a ƙara wane. Shugaba ya sa hannu. Daga nan idan aka zo wa yaron da roƙo, sai ya nuna takardar ya ce a je wurin mai foldar, shi ɗan aike ne.

Takardar nan a riƙa fiddo ta a ƙarshen kowane zango, da kuma duk lokacin da 'yan bautar ƙasa suka yi sallama, a bi sunayen da ke cikin kowane rukuni a cire waɗanda suka tafi. Wanda ya bar aiki a dakatar da asusunsa maimakon a goge shi nan take, don a iya gane fayilolin da ya bari. Idan kuma aka shigar da sabon malami cikin rukuni ya dawo yana cewa foldar ta ƙi buɗuwa, kada a yi saurin taɓa izinin. Kwamfutarsa tana riƙe da tsohon matsayinsa ne tun shigarsa ta safe. A ce masa ya fita daga asusunsa ya sake shiga, ko ya kashe kwamfutar ya kunna.